PCR: waye ya yi wahalar, waye ya kwashi kuɗin?

Duk wanda aka zura wa tsinken auduga a hanci lokacin korona ya ji sunan PCR, gwajin da ke ninka DNA (ƙwayar gadon halitta) har a iya gano ta, amma kaɗan ne suka san a kamfanin 'yan kasuwa aka ƙirƙiro shi, wato Cetus, wanda a lokacin yake Kalifoniya a Amurka. A 1983 wani ma'aikacinsu Kary Mullis yana tuƙi da dare dabarar ta faɗo masa: a dumama DNA har igiyoyinta biyu su rabu, a ɗan sanyaya, sai wani sinadari ya gina wa kowace igiya abokiyar zamanta, ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma huɗu, kafin zagaye 30 an doshi kwafi biliyan ɗaya daga ɗan abin da ido ma baya gani.

Kamfanin ya ba shi tukuicin dala dubu 10, a 1991 kuma aka sayar wa kamfanin magunguna na Roche haƙƙin fasahar kan dala miliyan 300. Ana yawan cewa an ci da gumin Mullis, gaskiya ne kuma abin da ciwo, amma shi ai ya samu Nobel a 1993, duniya ta san shi. Ni waɗanda suka fi tsaya min a rai su ne abokan aikinsa a Cetus, su Randall Saiki da Henry Erlich, da suka yi ta fama a ɗakin gwaji har abin ya tabbata, kuma fa aikin farko da suka wallafa a 1985 kan gano sikila ne, cutar nan da kusan ba unguwar da ba ta shiga ba a wajenmu.

Akwai kuma wanda ake mantawa gaba ɗaya. Da farko zafi kashe sinadarin yake yi, kowane zagaye sai an ƙara sabo da hannu. Mafitar daga wata bakteriya mai sinadarin da ke jure zafi ta zo, wadda malamin jami'a Thomas Brock da ɗalibinsa Hudson Freeze suka samo a ruwan zafin gandun dajin Yellowstone na Amurka a 1966, da kuɗin bincike na gwamnati, ba wanda ya san za ta kawo ko kwabo. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana cewa binciken jami'a ɓarnar kuɗi ne a bar wa kamfanoni, to ai Cetus gonar da wasu suka share ta shuka. Gandun Yellowstone ɗin da aka ɗebo bakteriyar kuwa ko sisi bai gani ba daga wancan cinikin.