Kansilan Da Ke Neman Tazarce Da "Matsakaicin Ra'ayi": A Nuna Mana Ƙuri'unsa Tukuna

Takardar kamfen ɗin ta iso ni a makon jiya, an zuro ta ta ƙarƙashin ƙofa. Takarda ce mai ƙyalli, ga hoton kansilan mazaɓarmu ya naɗe hannun riga, yana murmushi irin na mutumin da bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Na duba gaba, na juya baya, ina neman abin da ya yi a shekara huɗun da ya shafe a majalisar birni. Abin da na tarar kalmomi ne uku da manyan baƙaƙe: natsuwa, sauraro, matsakaicin ra'ayi. Can ƙasa an ƙara da cewa shi ba ɗan rigima ba ne, kuma a wannan zamani na ɗaga jijiyar wuya irinsa ake bukata. Shi ke nan. Da wannan yake neman tazarce.

Da abin ya tsaya a takardarsa, da ban ce uffan ba, domin mai talla ba ya kushe hajarsa. Abin da ya ɓata min rai shi ne yadda masu sharhi, waɗanda ya kamata su fi kowa bin diddigi, suka karɓi waƙar suna rerawa ba tare da sun tambayi ko wa ya tsara ta ba. Duk inda ka leƙa magana ɗaya ce: mutumin kirki ne, ba ya zagi, yana zama da kowa, a bar shi ya ƙarasa. Ya ƙarasa me? Wannan tambayar ce ba mai yi.

Matsakaicin ra'ayi kwatancen inda mutum ya zauna ne a cikin ɗaki. Ba ya gaya maka abin da ya yi bayan ya zauna. Sabon ɗan takara, wanda bai taɓa hawa kujera ba, ana iya yi masa uzuri idan ya zo da hali da alkawari, tunda ba shi da wani abin nunawa. Mai ci kuwa ya ci albashin jama'a na shekaru, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yana da tarihi a rubuce. Aikin majalisar birni a ko'ina kusan iri ɗaya ne: kasafin kuɗi, izinin gini, kwashe shara, ruwan famfo, magudanar ruwa, fitilun titi, hanyoyin motocin haya, da kuma wa za a ba kwangila. Kowanne daga cikinsu ƙarshensa ƙuri'a ce, ko ka ce eh ko ka ce a'a. Babu rabin gada. Babu kwalbati mai sassaucin ra'ayi.

Sai dai akwai ƙofa ta uku, kuma ita ce ƙofar da irin waɗannan kansiloli suka ƙware wajen bi. Na ga haka da idona a wani zaman majalisa da na halarta. Batun wani fili ne na hukuma da ya daɗe ba a amfani da shi, ana so a gina gidajen haya masu rangwame a kai. Wata mata ta tashi, da takardar haya a hannunta duk ta yamutse, ta ce sau biyu aka ƙara mata kuɗi cikin shekara guda, kuma yaranta uku a ɗaki ɗaya suke kwana. Bayanta wani dattijo ya tashi, mai gidan kansa a layin, ya ce idan aka yi ginin ba zai samu wurin ajiye mota ba. Kansilan namu ya saurari kowa. Yana gyaɗa kai, yana rubutu da biro, har ya cire tabarau ya goge lokacin da muryar matar ta fara rawa. Da aka zo kansa sai ya gode wa ɓangarorin biyu, ya ce kowa yana da gaskiyarsa, ya ce batu ne mai sarƙaƙiya da ke bukatar ƙarin tuntuɓa, sannan ya kawo shawarar a mayar da shi kwamiti. Aka mayar. Dattijon ya fita yana gaisawa da mutane. Matar ta ninke takardarta ta saka a jaka.

To, wa ya ci nasara a wannan dare? Wanda ke son kada a yi komai ya samu abin da yake so cif-cif, ba tare da kansilan ya ɗauki laifin cewa a'a ba. Wannan shi ne sirrin da masu yabon tsaka-tsaki ba sa son faɗa: ɗage magana ma ɗaukar ɓangare ne. Kullum tana faɗawa a hannun wanda halin da ake ciki ya yi wa daɗi, mai gida, mai mota, mai kwangilar da ba a sake dubawa ba. Wanda ruwa ke shiga ɗakinsa duk damina ba shi da ribar jira ko ta kwana ɗaya.

Kuma kada wani ya ce jinkiri ba ya kashe kowa. A dubi Birmingham ta Ingila, majalisar da ta fi kowace ƙaramar hukuma girma a ƙasar, mai kansiloli 101. Tun a 2012 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ba wa tsoffin ma'aikatan majalisar, akasarinsu mata masu girki da shara da kula da marasa ƙarfi, damar ci gaba da neman haƙƙinsu, saboda an hana su alawus ɗin da ake ba maza masu aiki a mataki ɗaya da su. Majalisar ta biya sama da fam biliyan ɗaya a shekarun da suka biyo baya, amma tsarin albashin da ya haifar da matsalar ba a gyara shi daga tushe ba, domin gyaran yana nufin rigima da wani. A 2023 aka bayyana cewa sabon bashin zai iya kaiwa fam miliyan 760, kuma a watan Satumba na shekarar majalisar ta ayyana cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba. Aka ƙara wa mazauna birnin haraji da kusan kashi 10 cikin ɗari a 2024, aka zaftare ayyuka, a 2025 kuma yajin aikin masu kwashe shara ya bar tsibin bola a tituna. Ba wani mai tsattsauran ra'ayi ne ya tashi rana ɗaya ya rusa birnin ba. Shekaru aka yi ana turo wa gobe abin da ya kamata a yi yau.

Hujja ta biyu da ake kawo wa mai ci ita ce ƙwarewa. Wai ya san ofisoshi, ya san wanda zai kira, da tsohuwar zuma ake magani. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ba zan musa ba. Kansilan namu yana ɗaga waya. Lokacin da fitilar layinmu ta mutu, kira ɗaya aka yi masa, kafin mako ya zagayo an gyara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya taɓa yawo ofis-ofis ana ce masa ya dawo gobe. Amma gyaran fitila aikin ma'aikacin hukuma ne da ya kamata ya yi ko babu kansila. Idan sai an bi ta hannun ɗan siyasa ake samun fitila, to tsarin ne ya lalace, kuma shi aka zaɓa ya gyara tsarin, ba ya mayar da lalacewar jarin kamfen ba. Daɗewa a kujera kuwa ita kaɗai ba shaidar komai ba ce. Ed Burke ya yi shekara 54 a majalisar birnin Chicago, daga 1969 zuwa 2023, ya daɗe yana shugabantar kwamitin kuɗi, babu lungun da bai sani ba. A Disambar 2023 kotu ta same shi da laifin amfani da muƙaminsa wajen tura wa kamfaninsa na lauyoyi aiki, daga baya aka yanke masa ɗaurin shekara biyu. Ba ina cewa namu ɓarawo ba ne, ban da wata shaida a kan haka. Ina cewa ne sanin hanya ba ya nuna inda mutum ya dosa.

Akwai wata magana da ake jingina wa Fiorello La Guardia, magajin garin New York daga 1934 zuwa 1945, cewa share titi ba shi da jam'iyya. Masu matsakaicin ra'ayi suna ƙaunar wannan magana, suna ɗaukar ta tamkar da su ake, kamar iya aiki gadonsu ne. Tarihi bai yarda ba. A birnin Milwaukee na Amurka, 'yan gurguzu ne suka riƙe kujerar magajin gari na tsawon shekaru, Daniel Hoan kaɗai ya yi daga 1916 zuwa 1940, kuma abin da aka san su da shi har aka yi musu laƙabi da shi shi ne magudanar ƙazanta, tsaftataccen ruwa da riƙon amanar kuɗin jama'a. Mutanen da ake wa kallon 'yan gefe ne suka fi kowa damuwa da kwata. Shi kansa La Guardia ba wanda ya san shi da sanyin baki. Iya aiki daban, wurin zama daban.

Don adalci, na san abin da ke sa kansiloli laɓewa. Sun ga abin da ya faru da Joel Engardio, wani tsohon kansila a birnin San Francisco na Amurka. Shi ma ana lissafa shi cikin masu matsakaicin ra'ayi, ya kayar da mai ci a 2022, sannan ya fito fili ya goyi bayan rufe wani ɓangare na babban titin bakin teku ga motoci a mayar da shi wurin shaƙatawa. A Nuwambar 2024 birnin gaba ɗaya ya amince, amma mutanen mazaɓarsa, waɗanda ke bin titin kullum, akasarinsu sun ƙi. Suka yi masa kiranye, a Satumbar 2025 suka tsige shi da sama da kashi 60 cikin ɗari. Za a iya cewa ya yi kuskure da bai fara zama da mutanensa ba, kuma ina ganin ya yi. Amma aƙalla an san inda ya tsaya, an auna shi a kai, an yanke masa hukunci. Haka dimokuraɗiyya take aiki. Darasin da takwarorinsa suka ɗauka, abin takaici, ba na tuntuɓar jama'a tun da wuri ba ne. Sun koyi cewa kada a taɓa kama ka da wani ra'ayi. Masu sharhin da ke tafa wa irin wannan laɓewa su ne ke koya musu.

Kada a yi min fassarar cewa ina tallata masu ihu. Kansiloli tara cikin goma sha uku na Minneapolis da suka hau mumbari a watan Yunin 2020, bayan kisan George Floyd, suka yi alkawarin rusa rundunar 'yan sandan birnin ba tare da shirin abin da zai maye gurbinta ba, masu zaɓe sun ba su amsa a Nuwambar 2021, suka ƙi amincewa da sauya rundunar. Su kuma masu cewa a kori duk wanda ke kan kujera kawai don yana kai, wannan lalaci ne da aka sa wa rigar fushi.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne kalmar "sauraro" da ke kan takardar. Sauraron wa? Zaɓen ƙananan hukumomi kusan ko'ina mutane ƙalilan ne ke fitowa. A Ingila da ƙyar yake wuce kashi ɗaya cikin uku idan ba a haɗa shi da babban zaɓe ba. A New York a 2021, waɗanda suka fito zaɓen magajin gari ba su kai ko kashi ɗaya cikin huɗu na masu rajista ba. Zaman majalisa kuwa ya fi haka muni. Wa ke da sukunin zama sa'a uku a zaure da daddare a tsakiyar mako? Wanda ya yi ritaya, mai gidan kansa, da lauyan mai neman kwangila. Direban da ke aikin dare ba ya nan, mai jego ba ta nan. Kansilan da ya ce yana tsayawa a tsakiyar mutanen da suka zo zaure, a tsakiyar wani yanki ƙarami na masu hali ya tsaya, ya kuma kira shi tsakiyar gari. Wannan ba natsuwa ba ce, rainin hankali ne, ko da shi kansa bai gane ba.

Shi ya sa nake ganin masu ba shi goyon baya da sunan hankali sun fi shi laifi. Shi yana kare kujerarsa ne. Su kuwa aikinsu ne su buɗe kundin zaman majalisa, wanda yawancin birane ke ajiyewa a fili har a intanet, su ƙirga sau nawa ya ce eh, sau nawa ya ce a'a, sau nawa ya nemi a ɗage, sau nawa ya fita amsa waya daidai lokacin kaɗa ƙuri'a. Aikin yini ɗaya ne. Sun gwammace su rubuta cewa yana da fara'a.

Ban ce kada a zaɓe shi ba. Mai yiwuwa abokin hamayyarsa ya fi shi muni, kuma da babu gara ba daɗi. Amma kafin ya samu ƙuri'ata sai ya faɗi ƙuri'a ɗaya tak da ya kaɗa wadda ta jawo masa asarar aboki ko mai ba shi gudummawa. Guda ɗaya. A kuma riƙa buga yadda kowane kansila ya kaɗa ƙuri'a a inda talaka zai gani, a sa iyaka ga sau nawa za a iya mayar da batu ɗaya kwamiti. Sauran gyaran na bar wa masu ilimin tsara dokoki.

Jiya na duba jadawalin majalisar don in ga inda batun filin nan ya kwana. Kwamitin ya zauna, ya nemi a ba shi ƙarin lokaci, an ba shi. An sa ranar dawo da maganar zaure mako biyu bayan zaɓe.