P-Square fa ba 'yan Legas ba ne, 'yan Jos ne

Kullum sai in ji mutane suna cewa wai P-Square yaran Legas ne, can suka tashi can suka koyi waƙa, wallahi abin yana min ciwo saboda Jos ake cire wa haƙƙinta. Peter da Paul Okoye tagwaye ne, iyayensu 'yan Anambra ne amma su a Jos aka haife su a 1981, a nan suka yi sakandare a St. Murumba, kuma rawa ce ma ta fara fito da su kafin waƙa, suna kwaikwayon Michael Jackson a bukukuwan makaranta, ja da baya da ƙafa kamar ana zamewa a kan santsi, juyi ɗaya su tsaya cak a tare.

Shi ya sa in ka kalli bidiyoyinsu na farko za ka ga ƙafarsu ba ta saɓawa, shekaru suka yi suna atisaye tun suna yara.

Daga Jos ma Jami'ar Abuja suka tafi karatu, suka ci gasar waƙa a 2001, kundinsu na farko ya fito a 2003, sai daga baya ne suka tare a Legas don can kasuwar take.

Sun rabu a 2017, suka shirya a 2021, rigima ta sake raba su a 2024, ni dai har yanzu ina fatan su daidaita.