Fara ko mayya ce, har abin ya kai ga goyo

Tun watan Fabrairun 2023 hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Aka yi taro, aka ɗauki hotuna, aka watse. Yau man da uwa ke shafawa ya sauko kan 'yarta. Kwanan nan a gidan suna na ga yarinyar da ba ta wuce shekara uku ba, kumatu jawur kamar ta sha mari, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. Uwar ta ce mini ai ba bilicin ba ne, haɗi ne.

Haɗin me? Haidirokwinon, sinadarin da ke dusashe launin fata, wanda doka ta ce kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari, amma mai haɗi da cokali take auna shi. Sai sitiroyid, maganin cutar fata da likita ke rubutawa na ɗan lokaci, wanda in an daɗe ana lafta shi fata ta yi laushi kamar leda, nankarwa ta fito, ɗinkin tiyatar haihuwa ya ƙi kamawa. Wani man har da sinadarin makuri, mai lalata ƙoda. Fatar yaro kuwa ta fi ta babba saurin tsotsewa.

Masu cewa jahilci ne, a wayar da kai, su daina ɓata mana lokaci. Masu digiri na cikin layin.

Kowa mace yake zagi, don ita ce zaginta ba ya tsada. To wa ya ƙirƙiro "fara ko mayya ce"? Wa ke jera mayukan nan cikin akwatin lefe? Saurayin da ke dariyar ƙafa mai kala biyu a Facebook, shi ne zai aika ƙanwarsa ta dubo masa fara. Gwaggo ta leƙa jaririya, ta duba kunne, ta taɓe baki ta ce wannan baƙa za ta yi. Mai jego tana jin ta. Da me kuke so ta kwana?

Kwaddebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka tun 2015. Mu kuwa a kasuwar Sabon Gari ido na ganin ido ake dama su. A kama masu haɗin, duk wadda ta shafa wa yaro kuma ta amsa tambaya, ita da mijin da ya ba da kuɗin.