Matatar imel da ke haɗiye saƙonnin aiki

Babu mai musun amfanin matatar saƙonnin imel a wurin aiki, wato manhajar da ke tace saƙonni masu shigowa ta tsare waɗanda take zargi, domin 'yan damfara ba sa gajiya da aiko saƙonnin ƙarya masu neman kalmar sirri. Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda take haɗa na kirki da na banza ta killace, ba tare da an sanar da wanda aka aiko wa ba.

A ofishinmu wani ɗan kwangila ya aiko takardar neman biyan kuɗinsa, amma da yake saƙon na ɗauke da fayil, kuma daga adireshin da ba mu saba mu'amala da shi ba, sai matatar ta tsare shi. Yana can yana jiran amsa yana zaton wulaƙanci ne, mu kuwa muna nan muna ganin laifinsa na jinkiri, har sai da ya bugo waya cikin fushi. Jami'in kula da kwamfutoci ne kaɗai ke iya sakin irin wannan saƙo, kuma shi ma aiki ya yi masa yawa.

A Gmail kuwa, duk abin da ya faɗa akwatin tarkace, wato Spam, inda ake jefa saƙonnin da ake zargi, ana goge shi bayan kwana 30, ko an gani ko ba a gani ba. Ya kamata a riƙa turo wa kowane ma'aikaci jerin saƙonnin da aka tsare masa kullum, a kuma ba shi ikon sakin na mutanen da ya sani.