Ba a ɗakin taron otel ake koyon wanke hannun asibiti ba

Duk 5 ga watan Mayu, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ware domin tsabtar hannu a asibitoci, abu ɗaya muke gani a Yamai: a tara shugabannin sassa a ɗakin taro, a yi jawabi, a raba kuɗin zama, a manna hotuna a bango. Hujjar masu shiryawa ita ce ma'aikata ba su da sani. Wannan hujja ce ke ɓata mini rai.

Wace ungozoma ce ba ta san hannu na ɗaukar cuta ba? Ka tambayi ɗalibin makarantar kiwon lafiya, zai lissafa maka lokuta biyar ɗin nan: kafin taɓa majinyaci, kafin aiki irin su allura ko ɗaurin rauni, bayan taɓa jini ko fitsari, bayan taɓa majinyaci, da bayan taɓa gadonsa ko kayansa. Haddar tana nan. Inda aikin ke lalacewa shi ne bakin gado. Goge hannu da ruwan alkol yana buƙatar daƙiƙa 20 zuwa 30, har hannu ya bushe da kansa. Sabuni da ruwa kuwa 40 zuwa 60. Mai gaggawa yana murza tafin hannu kawai, ya bar babban yatsa, tsakanin yatsu da bakin farce. Ga zobe da dogon farce. Mafi muni, safar hannu guda ake yawo da ita daga gado zuwa gado, mai ita yana ganin ya tsare kowa, alhali kansa kaɗai ya tsare. Wannan kuskure sai wanda ya tsaya kusa da kai yana kallo zai gyara maka shi.

Kuma me amfanin darasi ga malamin asibitin da famfon ɗakinsa ya ƙafe a tsakiyar zafin Mayu? Ruwan alkol na goge hannu ba ya buƙatar famfo, kuma haɗinsa na OMS ba sirri ba ne: a lita 10, ana zuba mililita 8333 na alkol mai ƙarfin kashi 96, da 417 na ruwan oksijene (maganin nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi), da 145 na gilisarin, a cika da ruwan da aka tafasa ya huce, a ajiye awa 72 kafin a fara amfani da shi. Asibitin Point G na Bamako ya haɗa nasa, ya ba ma'aikata kwalaben aljihu tare da horo, masu kiyaye ƙa'idar suka tashi daga kashi 8 zuwa kusan 22 cikin ɗari. Masu cewa alkol haramun ne su tuna ba sha ake yi ba. Sai dai hannun da ya ɓaci da jini ko zawo, dole sabuni da ruwa.

Kuɗin hayar ɗakin taro a sayi alkol da su. Kowane sashe ya samu mutum guda mai bin ma'aikata yana gyara musu a kan aiki, kuma a fara da manyan likitoci, don hannunsu ƙanana ke kallo.