Nasiha ga Masu Wiki: Ku Raba Zaure da Turaka

'Yan'uwana ɗalibai na Gusau da Ƙauran Namoda da Talatar Mafara, waɗanda kuka fara tara darussanku da bincikenku a manhajar wiki ta kanku (shafukan da ake rubutawa ana gyarawa kai tsaye a burauza), ina so in ja hankalinku kan wani sakaci da ya zama ruwan dare a tsakaninmu, wato zama da akawun ɗin admin (asusun shiga mai cikakken iko da wikin) dare da rana, da shi ake karatu, da shi ake gyara, da shi kuma ake miƙa wa aboki kwamfuta ya duba darasi.

Magabatanmu ba su gina gida haka ba. Baƙo iyakarsa zaure, 'yan gida su ke shiga tsakar gida, turaka kuwa ta maigida ce. Mai karatu shi ne baƙon, ya gani amma kada ya taɓa. Mai gyara ya rubuta ya sauya, kuma duk abin da ya ɓata yana nan a tarihin shafin, ana iya maido da shi. Admin ne ke sauya saituna, ya saka ƙarin manhajoji, ya ba wani izini ko ya ƙwace, kuma irin wannan ɓarnar tarihin shafi ba ya gyara ta.

Wani zai ce ai shi kaɗai ke amfani da wikinsa, wa zai tsare wa ƙofa? Kanka za ka tsare wa, ɗan'uwa, domin mai bitar jarrabawa da ƙarfe biyun dare, ido na lumshewa, yatsansa ba abin yarda ba ne. Ballantana ƙanen da ke karɓar wayarka kullum.

Kuma abin bai da wahala. Manhajar wiki mai suna DokuWiki, wadda Andreas Gohr ya fitar a 2004, tana da jadawalin izini hawa-hawa, daga karatu zuwa gyara, da ƙirƙirar shafi, da ɗora fayil. Manhajar MediaWiki kuwa, wadda Wikipedia ke tafiya a kanta, tun wajen girkawa take tambayarka ko kowa zai yi gyara ko sai wanda ka amince wa, amma da yawanmu wucewa muke yi ba mu karanta ba, sai mu bar ƙofa a buɗe ga duk wanda ya samu adireshin.

Saboda haka ka buɗe akawun na biyu mai izinin gyara kawai don aikin yau da kullum, abokan karatu ka ba su na karatu, na admin kuma ka sa masa kalmar sirri ta daban wadda ba ka adana a burauza ba. In za ka shige shi, fara kwafe fayilolinka a filashi, in ka gama abin da ya kai ka kuma ka fita nan take.