Ranar da na ɗauki satifiket na tafi rigima Madina

Ni dai yaji nake sayarwa a Nima ta Accra, yajin cicinga wato tsire, ƙuli-ƙuli da citta da barkono da kanumfari, kuma ba yabon kai ba masu gashin nama daga Mamobi har Newtown wajena suke sari. Da kasuwa ta ɗan buɗe sai wani abokina ya fara zuga ni, wai Alhaji (ban je Makka ba fa, in zai ci bashi ne yake kirana haka) ka yi wa sunan nan rajista tun kafin wani ya yi maka ƙafa. Sunan kuwa Yaji Mai Daɗi. Kwana 3 na yi ina tunani kafin na samo shi.

Na ɗauki Ghana Card ɗina na je na cika fom na biya, satifiket ya fito da hatimi da komai. Na kai aka saka min a firam mai gilashi, na cire hoton aurenmu daga ƙusa na rataye shi a wurin. Mman yara ta kalle ni ta kalli bango, ta ce Allah ya sa albarka, irin addu'ar nan da kana ji ka san akwai saura.

Shekara biyu ina tafiya kamar na sayi Nima. Sai rannan wani yaro ya turo min hoto a WhatsApp, robobin yaji a kasuwar Madina ta nan Accra, an manna musu sitika ja, Yaji Mai Daɗi ɓaro-ɓaro. Wallahi ko shayin da ke gabana ban ƙarasa ba. Na sauke firam na naɗe a darduma na nufi tashar 37, yaron mota ya ce sai na biya wa katakon nan kujera, na ce masa wannan ba katako ba ne doka ce, ya ce to doka ma ta biya. Na rungume abina a cinya, muna kaiwa Okponglo direba ya taka birki, na ji ƙas! Gilashi ya tsage gida biyu. Ban karaya ba, har Atomic ina bitar jawabina, da kotu da lauya da diyya duk a ciki.

Ina isa rumfar sai na tarar da wata tsohuwa da carbi a hannu. Jawabi ya gudu. Ban san lokacin da na durƙusa ba, ina wuni Hajiya, an wuni lafiya, ya kasuwa. Ta ce na sidi nawa za a ba ka yaro? Na warware darduma na miƙa mata firam ina cewa dama... dama sunan nan ne Hajiya, nawa ne a hukumance.

Ta ƙwala wa jikarta kira, ashe yarinyar a ofishin lauya take aiki. Ta karanta tana cije leɓe don kar dariya ta kuɓuce, ta ce Kawu wannan ai rajistar sunan kasuwanci ce kawai, ta nuna hukuma ta san da kai, kuma duk shekara ake sabuntawa, yaushe rabonka? Na yi shiru ina kallon barkono. Ta ce mallakar tambari kuma wani abu ne daban, dokarsa daban ta 2004, teburinsa daban. An kasa kaya da ayyuka aji 45, yaji yana aji na 30 tare da shayi da kofi, sai an bincika ko wani ya riga ka, a buga a mujallar hukuma a jira wata 2 ko mai ƙorafi zai fito, in ka tsallake a ba ka shekara 10 sannan ka sake sabuntawa.

Na ce to gobe da sassafe zan je in yi. Ta ce Kawu ka yi haƙuri, sunan naka bayanin kaya ne, da wuya ya wuce, ba wanda za a ba ikon hana mutane cewa yajinsu yana da daɗi. Kwana 3 ɗina fa jama'a!

Duk wannan Hajiya tana jan carbi. Can ta ce ita tun zamanin mulkin soja na Acheampong take kiran yajinta haka, sitika dai jikoki ne suka ƙaƙaba mata. Sannan ta ƙura min ido, ɗan gidan wa ne kai a Nima? Ina faɗin sunan Mmata ta saki salati, ta ce ai ni na koya mata haɗin nan, kai ne mai kukan nan a bayanta kana cin ƙuli-ƙulin mutane? Har masu tumatir na gefe suka taso kallona.

Roba 2 na saya don in samu hanyar tashi, ta ƙara min gyara ta ce in gaida gida. Da daddare Mman yara ta barbaɗa na Hajiya a kan nama, ta tauna ta lumshe ido, ta ce oh, ashe wannan ne mai daɗin. Na waiga bango, hoton aurenmu har ya koma kan ƙusarsa.